Kunamar ruwa

A Kwatano na fara cin ƙaguwa, shekarata ta biyu a karatu. Matar da muke haya gidanta kan sayo ta a kasuwar Dantokpa, ta jefa cikin miyar kuɓewa da manja. Ranar farko na tsame na ajiye gefe. Ɗiyanta suka yi ta dariya, wai ni da ke cin fara da yaji ni ne zan ji ƙyamar wani abu. Kafin in gama karatu har ɓawon nike tsotsa.

Da na dawo Yamai, Baba ya taho daga Damagaram ganin likitan ido, ya sauka ɗakina. Mutumen ga shanu biyu ya sayar don kuɗin makarantata. Sai na ƙudurta in ciyar da shi abin da bai taɓa ci ba. In faɗi gaskiya, akwai son a sani a ciki: ya ga ɗansa ya je bakin teku.

Na samu ƙafafun ƙaguwa daskararru a wani kanti, jika 9, kusan cefanen sati guda. Tsada ba mamaki, tunda daga Kwatano zuwa nan tafiyar kilomita 1,000 ce, kuma abin ruwa ba ya haƙuri da zafi. Na kai firigon maƙwabta ina addu'a kar kuran ya ɗauke.

Dahuwar ba wuya. Ka bari ƙanƙarar ta narke a hankali, ka tafasa ruwa da gishiri da citta, ka zuba, minti kaɗan ka tsame. In ta daɗe a wuta naman sai ya yi tauri kamar roba. Na narka man shanu da tafarnuwa da albasar Galmi, na matsa lemun tsami. Ɗakin duk ya ɗauki ƙarni, sai da na buɗe taga.

Bayan isha'i na aje kwano gabansa. Ya haska da tocila, ya daɗe yana kallo.

"Wannan kunamar ruwa ce?"

"Ƙaguwa ce, Baba."

"Ta halatta kuwa?"

Na ce a mazhabar Malikiyya abin da ke rayuwa cikin teku halal ne. Ya ce shi ma ya taɓa jin haka wurin malamai, ya yi bismilla, ya kai ƙafa ɗaya baki. Nan ne na tuna abin da ban lissafa ba: turamen haƙoransa sun zube. Ya gwada hagu, ya gwada dama, ya aje shiru, ya jawo shinkafa. Kunya ta rufe ni.

Na ɗauko taɓarya ƙarama na zauna kan tabarmarsa, abin da ban taɓa yi ba, don a gidanmu ɗa ba ya sa hannu kwano ɗaya da uba. Ina fasawa, ina zaro farin naman, ina tsomawa cikin man, ina miƙa mishi. Bai ce in tashi ba. Duka naman bai cika tafin hannu biyu ba.

"Nawa ka saye ta?"

Na rage rabi na faɗa. Ya girgiza kai.

"Da daɗi kam. Amma fara ta fi ta auki." Ya turo kwanon wajena. "Ci mana, kai ma."