Abin da x86 ke rufa wa asiri

Ma'ajiyar zobe ba ta da wuyar rubutawa. Gurabe ne a jere masu zagayowa. Zare ɗaya na zuba bayani yana matsar da lambar kai, ɗayan na kwashewa yana matsar da ta wutsiya. Tsiyar tana tsakanin layi biyu: zuba bayanin, da sanar da cewa an zuba.

Ma'ajiyar da ta koya mini wannan sauti take ɗaukowa daga makirufo, kuma lafiya lau take aiki a kwamfuta mai furosesan x86. Da muka mayar da ita kan ƙaramar na'ura mai ARM, sai murya ta riƙa tsattsagewa jefi-jefi. Ka sa layin bincike don ka kama matsalar, ta yi ɓatan dabo. Ko harafi ba mu canza ba wajen mayar da ita. Ashe x86 ba ya juya jerin rubutu biyu, ARM kuwa an yarje masa, don haka mai kwashewa kan ga kai ya matsa alhali tsohon bayani ne a gurbin. Kamar mai tuwo ta ce maka ga naka nan, ka kai hannu, kwano wayam.

Wani abokin aiki ya ce a sa volatile. Kwamfaila kaɗai wannan ke taka wa burki, furosesa bai san da zamansa ba. Maganin yana cikin C++ tun 2011: lambobin su zama std::atomic, mai zubawa ya matsar da kai da memory_order_release bayan ya gama, mai kwashewa ya karanta da memory_order_acquire.

Yawanci a nan ake tsayawa, a manta da wutsiya. Ita ma sai da release, in ba haka ba mai zubawa na iya danne gurbin da ba a gama karantawa ba. Lambar da zare shi kaɗai ke rubutawa kuwa, relaxed ya ishe shi karanta ta.

Ba na ganin laifin wanda ya bar komai a seq_cst. Jinkiri kaɗan ya fi ɓarnar da ba a gani. Wanda ya ce mini ai ya gwada ya yi aiki ne nake tambaya: a wace na'ura? Sai in ce ya bi ta ThreadSanitizer, don shi dokar harshen yake dubawa, ko a x86 ɗin ma zai tona.