Matasan da Kawu Ya Cire

A ɗakin kakata da ke Gazawa akwai wasu matasan kai guda biyu, kowane da ƙafafun ƙarfe biyu. Muna yara mun sha wasa da su, yau ganga, gobe shanu masu ƙaho. Sai da na yi wayo na san asalinsu. Na kujerun gaba ne na Hiace ɗin Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi shekaru yana ɗaukar fasinja tsakanin Maraɗi da Gazawa, wani lokaci ya zarce har Gidan Rumji. Ran da motar ta shigo hannunsa ya zare su, don suna hana shi waiwaye ya ƙirga fasinja. Da na tambaye shi sai ya yi dariya: "Kai yaro, direba na barci ne da za shi nemi matashi?"

Ina da shekara 15, a hutun makaranta, na zama yaron motarsa. Wata safiya mun wuce Cadawa mun nufi Agye, sai ga amalanken shanu ya hau kwalta. Kawu ya taka birki ya tsaya. Kamiyon da ke bayanmu, ɗauke da buhunan aya, bai samu tsayawa ba. Ya buge mu, ba da wani gudu mai yawa ba. Ƙofar baya ta lotse, gilas ya zube, wata tsohuwa ta yi ta salati. Aka duba, ba wanda ya zubar da jini. Kowa ya ce Allah ya kiyaye. Kawu da kansa ya kai mu Gazawa.

Kwana biyu bayan haka ya kasa juya wuya. Aka kai shi wurin mai ɗori, aka shafa man shanu, aka yi ƙaho. Yatsunsa na hagu suka fara mutuwa. Da aka je likita a Maraɗi aka sa masa abin tallafe wuya, aka ce jijiya ta taɓu. Bai ƙara yin doguwar tafiya a kan sitiyari ba, mota aka sayar da ita. Abin da ya fi cin ransa shi ne mutane ba su ga rauni ba. Har na ji wani a tasha yana cewa, "Wanga ai lalaci ne, ba ko ƙwarzane."

Sai da na shiga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo na fahimci abin da ya faru, kuma ta hanyar da ban zata ba: labarin masu tseren mota. Kan babban mutum ya kai kilo 5, yana zaune bisa ƙasusuwa bakwai na wuya. Idan aka bugi mota daga baya, kujera takan tura jiki gaba, kai kuma ya tsaya a baya, wuya ya lanƙwashe kamar bulala. Matashin nan shi ke tare kai. Shi ya sa Amurka ta wajabta shi a sababbin motoci tun 1969.

Masu tsere suna da irin wannan matsala, amma ta fuskar gaba. Bel yana riƙe jiki, kai da hular kwanonsa su ci gaba da tafiya. Haka Dale Earnhardt ya mutu a Daytona ranar 18 ga Fabrairu 2001, gindin ƙoƙon kansa ya karye. Alhali tun shekarun 1980 wani malamin jami'a, Robert Hubbard, ya ƙera HANS, wani abu da ke zama bisa kafaɗu a ɗaure hular kwano a jikinsa. Direbobi da yawa sun ƙi shi, wai yana takura su, yana hana su juya kai. Da na karanta haka sai na ji muryar Kawu. Bayan mutuwar Earnhardt aka tilasta shi a tserensu, Formula 1 ta bi a 2003.

A 1997 Andy Green ya yi gudun kilomita 1,228 a awa a hamadar Nevada, ya fito da ƙafafunsa. Kawuna yana tsaye cik aka gama da wuyansa. Na daɗe ina juya wannan a raina. Gudu yana kashewa, ba musu, amma mu nan ko abin kariyar da ya zo da mota kyauta cire shi muke, mu ce ƙaddara.

Bana babban ɗan Kawu ya samu tuƙin wata tsohuwar Hiace. Na leƙa, ramuka huɗu ne kawai a saman kujerun. Na je ɗakin kaka na kakkaɓe matasan nan na kawo masa. Ya ce, "Ɗan boko, ka zo da ilimi ke nan?" Kawu yana zaune bisa tabarma. Ya juyo da dukan jikinsa, yadda yake juyowa yanzu, ya ce, "Sa shi. Ka ɗaga shi ya zo daidai da tsakar kanka."

Ɗaya ya shiga. Ɗayan tsatsa ta cinye ƙafarsa, muna neman mai walda.