Hagu da Dama a Bakin Turawa

Mu mutanen ƙasar Gumel, daga Gagarawa har Sule Tankarkar, tun muna ƙanana aka hore mu kada mu ci abinci da hagu, kada kuma mu miƙa wa babba abu da ita. To, ga shi Turawa suna kiran waɗansu 'yan siyasa left, watau na hagu, waɗansu kuwa right, na dama. In aka juya wa manomi wannan magana yadda ta ke, ai an riga an yanke masa hukunci tun bai ji hujjar kowa ba.

Asalin abin kuwa wurin zama ne kurum. Cikin 1789, a majalisar Faransa, masu goyon bayan sarki suka zauna dama da shugaba, masu neman a sāke tsari suka zauna hagunsa. Har sunan ya iso mu, domin cikin 1989 Janar Babangida ya kafa jam'iyyu biyu, aka ce SDP ta ɗan karkata hagu, NRC dama.

Magabatanmu sun nuna mana hanya. Sa'ad da aka kafa NEPU a Kano cikin 1950, akwai progressive cikin sunanta, amma da Hausa sai suka ce Jam'iyyar Neman Sawaba, kowane talaka ya gane. A Nijar ma, maƙwabciyar Maigatari, Sawaba ne sunan jam'iyyar Djibo Bakary, wadda ta ce a'a ga tayin Janar de Gaulle cikin 1958. Haka aka raɗa wa capitalism jari-hujja, socialism gurguzu, conservatives kuwa 'yan mazan jiya. Ma'ana suka bi, shi ya sa sunayen suka zauna.

Saboda haka mu da za mu koyar da yara, wajibi ne in mun gamu da irin wannan kalma mu tambaya: me masu ita ke nufi game da haraji, da gona, da makaranta? In ba mu iya bayyana ta ga dillalin shanu a kasuwar Maigatari ran Alhamis ba, to, haddace ta muka yi. Shi kuwa da ƙuri'arsa a hannu, kuma rashin sani ya fi dare duhu.