Pistole a aljihu: hirar da ta cika fadarmu

Tun da ƴan bindiga suka fara ƙetaro iyaka daga Zamfara da Katsina suna kwasar shanu da mutane a wajajen Madarunfa da Gidan Rumji, zancen pistole ya zama abokin shayinmu a fada. Mu da ke bin hanyar Dan Isa da kaya mun san tsoron nan, ba labari aka ba mu ba. A 2022 ma gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya ce ma mutanensa su nemi izinin riƙe bindiga, wasunmu suka ce to mu fa?

A Nijar, wanda aka kama da bindiga ba takardar izini ta hukuma, kaso zai je. Amma mu ɗauka ka samu takardar. Wa ya koya maka?

Nan ne gizo ke saƙa. Da yawanmu na zaton in an zare sharja, wato gidan harsashi, shi ke nan bindiga ba komai cikinta. Ina! Harsashi ɗaya na iya saura a ciki, sai an ja baya an duba da ido. Masu horo na cewa kowace bindiga ka ɗauke ta a cike take. Kar bakinta ya dubi mutum ko da wasa, yatsa kuma nesa da kunama har sai ka yi niyyar harbi. Sannan ka san abin da ke bayan abin da ka auna. Ku dubi gidajenmu: zana ce ko ƙofar kwano tsakaninka da maƙwabci, harsashi ba ya tsayawa nan. Yara kuwa ba inda hannunsu ba ya kai, ƙarƙashin katifa ba maɓoya ba ce; akwati mai kwaɗo, harsasai a wani wuri dabam.

Wani abu da ba mu son ji: pistole ta kusa ce. Mutum goma bisa babura da kalashi, kai kaɗai cikin dare, hannu na rawa, wallahi fiddo ta na iya sa a harbe ka nan take. Su kuma tafi da ita.

Shi ya sa a fadarmu muka tsaida magana: lambar jandarma cikin wayar kowa, tafiya a ayari, a shigo gari kafin magariba. Mai takarda kuma ya nemi wanda ya san aikin ya horar da shi kafin ya kai ta gida.