Takardar Neman Kuɗin Binciken Dabbobi

Fakku gari ne na manoma da makiyaya a ƙasar Kebbe, maƙwabciyar Tambuwal, kudu da birnin Sakkwato. Arzikin talaka a can yana tafiya da ƙafa huɗu ne: jar akuya, da tunkiya, da saniya bokolo. Jar akuyar nan kuwa ba abin rainawa ba ce, gama tun zamanin ayari ake ƙetare hamada da fatarta, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Amma kowace shekara, in bazara ta yi tsanani, ciyawa ta ƙone, harawa ta ƙare, sai awaki su rame, waɗansu su yi ɓari. Matar da akuya biyu ne asusunta, ita ta san zafin wannan.

Maganin irin wannan wahala ba ya samuwa sai da bincike, bincike kuwa ba ya yiwuwa sai da kuɗi. Dubi bushiya, wadda dā takan share garke ɗungum. An kafa ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi a Vom cikin 1924, aka yi ta haɗa magani. Cikin 1962 Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru suka haɗa kai wajen yi wa shanu allura, har cikin 2011 aka sanar bushiya ta ƙare a duniya. Kowane mataki na wannan aiki sai da wani ya zauna ya rubuta takarda, ya gamsar da masu riƙe da baitulmali.

A yau malamin jami'a, kamar na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na cibiyar binciken kiwo ta Shika kusa da Zariya, yana iya neman taimako daga asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, ake tara kuɗinsa daga harajin kamfanoni. Masu nema da yawa suke, kuɗin kuwa ba ya isar kowa. To, wace takarda ce ke cin nasara?

Da fari, ita ce wadda ta ɗauki tambaya guda. Wanda ya ce zai gyara kiwon Arewa duka, ba a ba shi ko anini. Amma wanda ya ce, "Ina so in gane ko 'ya'yan gawo za su tsaya wa akuya mai ciki a madadin dusa lokacin bazara," za a saurare shi. Gawo yana fid da ganye da 'ya'ya da rani, sa'ad da waɗansu itatuwa suka kaɗe. Irin wannan tambaya ba a ofis ake samunta ba, sai a bakin masu kiwon, domin mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba.

Na biyu, ya nuna ya karanta abin da na gabansa suka gano, kada a biya shi ya sāke haƙa rijiyar da aka riga aka haƙa.

Na uku, ya bayyana hanyar aiki filla-filla. A ce zai raba awaki kashi biyu masu kama da juna, kashi ɗaya ya ci dusa, ɗayan ya ci 'ya'yan gawo, ana auna nauyinsu kowane mako, ana rubutawa. Tun da yake cikin akuya wata 5 ne, wanda ya nemi wata 3 kaɗai ya tona wa kansa asiri cewa bai san dabbar ba.

Na huɗu, lissafi. Kowane akawu ya san kasafin da aka kumbura ba ya wuce gaban ma'aji. A rubuta kuɗin awaki, da na sikeli, da na mota, da ladan yaron da zai kula da turke, kowanne a layinsa, ba ragi ba ƙari.

Na biyar kuwa shi ne amana. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuɗin nan na jama'a ne, saboda haka sai takardar ta faɗi yadda amsar za ta komo Fakku da harshen da mutane ke ji, ba ta kwanta cikin kabad da Turanci ba.

Nan ne wanda ya fita ajin yaƙi da jahilci yake da rabonsa. In ya sami ɗan littafi yana rubuta ranar da akuyarsa ta haihu, da abin da ta ci, da watan da ciwo ya shigo garke, to, ran da mai bincike ya zo, zai tarar da shaida a rubuce, ba "an ce" ba. Da irin wannan shaida ake gina takardar da ba a mayarwa.