Keken da ya tsayar da ni a gonar Baba

Jama'ar Tajaye da kewaye, da ku masu bin mu daga Konni, Malbaza da Illela, har da ƴan uwa na Abijan da Libiya. Kun saba da muryata da safe. Yau kam rubutu ne, don maganar ta fi ƙarfin minti biyar ɗin da ake bar mini kafin sanarwar biki da ta rasuwa.

Wata huɗu ke nan kuna ganina bisa keke. Saƙonni sun shigo: "Lahiya dai? Ko moto ya tahi?" Wata tsohuwa har ta tare Inna a bakin rijiya ta yi mata jaje, wai Allah ya mayar da alheri. To moto na nan, lafiyarsa lau. Ni ne ban da lafiya. Bayan sallar layya na je asibiti da ciwon kai, likita ta ɗaura mini abin awo ta ce tansiyo 17. Ta bari na huta, ta sake, 17 ɗin dai. Shekarata 36. Ta tambayi aikina, na ce zama da magana. Ba ta yi dariya ba. Ta ba ni magani, ta ce in rage gishiri, kuma in riƙa motsa jiki aƙalla minti 150 a mako kamar yadda hukumar lafiya ta duniya, OMS, ke cewa. Hawan jini ne ya kwantar da mahaifinmu shekara biyu, ɓarin jikinsa ba ya motsi, ni ke juya shi. Ba sai an maimaita mini ba.

A Konni na sayi keken, na hannu, irin mai kauri da tayu masu ƙurzunu wanda ƴan lakkal ke kira VTT. A Faransa akwai hanyoyi na musamman da aka ware wa irinsa cikin daji da duwatsu, ka tashi nan ka kewayo ka dawo inda ka faro, kuma an shafa musu launi: kore mai sauƙi, shuɗi, ja, sai baƙi na waɗanda suka sayar da rai. Mu nan babu allo babu fenti. Awaki da amalanken jakai ne suka shata mini tawa.

Ina fita bayan asuba ta bayan gari. Farko rairayi ne, kuma shi ne babban magabci, taya ta nutse, kan keke ya yi ta rawa kamar ya sha wani abu. Daga nan sai hawan tudu, tsakuwa ja tana zamewa ƙarƙashinka. Makon farko sau uku ina sauka in tura, zuciya na bugawa har cikin kunne, ina tuna abin da likita ta ce, in na ji ƙirji ya ɗaure in tsaya, kada in yi jarumta. In ka kai sama sai fako ya shimfiɗu, sabara da geza nan da can, iskar hunturu na yanka fuska, rumbunan ƙasa na ƙauyuka sun yi ƙanana daga nesa. Sannan gangara ta bakin kwazazzabo, hannu bisa birki, har cikin kwari inda masu albasa suka riga ka tashi, injin ban ruwa na ta ƙara. Ka biyo burtali ka dawo gida. Wayata ta ce kilomita 16. Da Bafaranshe zai zo da fentinsa, shuɗi zai shafa mata, amma wancan tudun ni dai ja na ba shi.

Akwai wuri guda bisa fakon da nake taka feda da ƙarfi in na iso, ban kallon dama. Ran nan tsidau ta yanke mini hukunci. Daidai wurin tayar baya ta sace.

Ina duƙe ina neman hujin da miyau sai ga wani dattijo da jakinsa. Na gaishe shi, ya dube ni da kyau.

"Kai ba ɗan marigayi ba ne? Mai magana cikin radiyo?"

"Ni ne, Baba."

"Ka san inda kake tsaye?"

Na sani mana. Gonar mahaifina ce.

Yara na yanzu ba su san yadda wurin nan yake ba da can. Ƙasa ce ƙeƙasasshiya kamar daɓen siminti, ruwan sama ya faɗo ya gudu ya tafi kwari da ɗan abin da ya rage. A 1989 wani shiri na FIDA ya ɗauki manoma daga yankin Illela ya kai su Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda ake gina ramuka a irin wannan ƙasa, wanda can ake ce wa zai, mu kuma tassa. Rami ne kamar faɗin kwano, zurfin taƙi guda, a tara ƙasar ta gefen gangara don ta tare ruwa, a zuba taki ciki tun da rani. Gara ta zo cin takin ta huda ƙasa, ruwan farko ya samu hanyar shiga, hatsi ya tsira inda ko ƙarangiya ba ta fitowa. Abin ya bazu daga gona zuwa gona, har fakon da ake bayarwa kyauta ya koma abin saye da sayarwa.

Dattijon ya ce tare suka yi ginan da Baba. "Mutane na ce muna mahaukata, wai muna gina ma kanmu kushewa. Shekara ta biyu su da kansu sunka zo aron ma'auni." Ya ce yana tuna ni ina ɗan ƙarami, ana aza ni bisa buhun taki a bayan jaki ina kuka. Ni ƙamshin takin kawai nake tunawa.

Ya nuna da sandarsa. Ramukan sun cike, sai ɗan alama kamar tabon agana. Jerin duwatsun da Baba ya yi ya watse, ruwa ya fara yanka sabuwar hanya ta tsakiya. Gawo biyu da ya raina ne kaɗai ke tsaye da ganyensu kore cikin rani. Bai zarge ni ba. Cewa ya yi, "Ina jin shirinka, wanda kuka yi bisa farfaɗo da ƙasa. Ka iya magana, ɗana." Ya kaɗa jakinsa.

Sau uku na gabatar da wannan shiri, da baƙi masana, da kiran waya. Abin da dattijon bai sani ba, ko kuma ya sani, shi ne an riga an yi wa gonar kuɗi. Yayanmu ya kira ni tun kaka ya ce wani ɗan kasuwa na so, ni kuma ina sauri zan shiga situdiyo na ce, "Yaya, duk yadda kuka yi daidai ne, a aiko mini rabona." Kuma ba laifinsa ba ne. Shi ke riƙe da Inna, ƴaƴansa bakwai, ƙanenmu biyu suna ci-rani. Gonar da ba mai gina mata tassa ba ta ciyar da kowa.

Da dare na same shi na ce a dakata har bayan damina. Ya ce, "To wa za shi gina? Kai da kekenka?" Matarsa ta yi dariya daga cikin ɗaki. Eka guda ramuka dubbai take ci, ya fi ni sani.

Lahadin da ta wuce na ɗaure diga a jikin keke da igiyar roba. Rami goma sha ɗaya na gina kafin tafin hannuna ya yi ruwa, kuma biyu daga ciki dattijon ya ce a sake, na tara ƙasar ta gefen da ba shi ba. Tansiyo ya sauko 14, likita ta ce kada in bar magani. Yaya bai ce e ba, bai ce a'a ba, mai sayen kuma ya ba mu zuwa ƙarshen wata.

Wanda ke da keke a jingine bayan rumbu, ran Lahadi bayan asuba muna tashi daga bakin kasuwa. Ku zo da ruwan sha, da famfo da kayan faci, ku faɗa wa na gida inda za ku. Mai diga ma ya zo da ita, akwai igiyar roba.