Ranar Haihuwa, Ranar Wa Ce?

Jama'a, kowa ya san Bahaushe bai gaji bikin ranar haihuwa ba. Bikinsa guda ne, watau ran suna, kwana bakwai da zuwan jariri, sa'ad da a ke yanka rago, liman ya yi addu'a, wanzami ya yi aski, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗa wa jama'a sunan. Daga ran nan shi ke nan, ba mai sake tara mutane don yaro ya ƙara shekara.

Amma kada a ce kakanninmu ba su kula da ranaku ba. Sun kula, sai dai cikin suna su ke ajiye su. In ka ji Ɗanladi ko Ladi ka san ran Lahadi ce. Talatu ta Talata ce, Balarabe na Laraba, Jummai ta Jumma'a, Asabe ta Asabar. Ɗan'azumi ya zo cikin watan azumi, Anaruwa kuwa sunansa ya faɗi labarinsa. Shekara kuma da abin da ya auku cikinta a ke gane ta. Kakarmu ta ce a goye ta ke shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo aka yi mata hawan daba a Kaduna, watau 1956. Mahaifinmu kuwa an haife shi tsakanin komawar motoci hannun dama a 1972 da fitowar naira a 1973.

To, ita makarantar boko ba ta san wannan lissafi ba, lamba ta ke so. Ran da aka kai mu, mai rubuta sunaye ya dubi tsawonmu, ya sa mana 1 ga Janairu 2004. Kowa ya bincika takardun 'yan ajinmu zai ga masu 1 ga Janairu da dama, sai ka ce iyayenmu mata shawara suka yi. Muna nan da wannan rana ta aro har Allah ya sa baffanmu, wanda ya koya mana allo, ya nuna mana bayan wani littafinsa, inda ya rubuta da ajami cewa an haife mu Alhamis ta uku cikin Ramalan, shekara ta 1424. Muka bi lissafi, ya kai mu 13 ga Nuwamba 2003. Da ranar ta kewayo a 2025, ta kuwa sake faɗowa Alhamis, sai muka nemi izni muka tafi ƙauyenmu a ƙasar Katsina.

Turawa su kan yi wannan biki da waina irin tasu, su kunna kyandirori bisa yawan shekarun mutum, ya hure su. Mu ba mu yi haka ba. Muka sayi goro da zabbi biyu, aka tuƙa tuwon sabuwar dawa da miyar kuka, aka dama fura. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, muka aika aka kirawo abokanmu na makarantar allo.

Baffa ya zo, ya zauna bisa buzunsa, ya dube mu, ya ce, "Ɗanlami, wannan kuwa wace salla ce?" Muka durƙusa, muka ce, "Allah ya gafarta malam, ba salla ba ce, ranar da ka rubuta ce muka zo mu gode wa Allah da ku." Ya yi shiru, kana ya ce malamai sun saɓa kan wannan al'amari, waɗansu sun hana, waɗansu sun ɗauke shi al'ada kurum. Ya tuna mana Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kan yi azumi ran Litinin, gama ran nan aka haife shi. Ya ce, "In godiya ta kawo ka, madalla. Amma ka sani wa'adinka ma ya ragu da shekara guda." Sa'an nan ya ɗaga hannu ya yi addu'a, muka shafa.

Mahaifiyarmu ba ta ce uffan ba, gama mu ne ɗan fari, ko sunanmu ba ta faɗi. Sai Kaka ta karɓi zance, ta ce, "Kai mijina, kai ke biki? Me ka yi ran nan ban da kuka?" Aka fashe da dariya. Ta ba da labari yadda naƙuda ta tashi tun sahur, maza sun tafi yankan dawa, aka aiki yarinya da gudu ta kira ungozoma. Ta faɗi yadda ita kanta ta yi kwana arba'in tana hura itace don wankan jego, tana dama kunun kanwa, kwanakin farko da ƙishirwar azumi a bakinta. Ta ce ba a daɗe da yaye mu ba rana ta yi zazzaɓi da hantsi, gari ya yi duhu, kaji suka nufi akurki, uwarmu ta sure mu ta shige ɗaki. Wannan husufi kuwa sananne ne, an yi shi ran Laraba, 29 ga Maris 2006. Ashe lissafin tsohuwa da na littafi ba su saɓa ba ko kaɗan. Ita mahaifiyarmu tana bakin murhu, ta sunkuyar da kai tana gyara wuta wadda ba ta bukatar gyara.

Abokanmu kuwa da fari sun ɗare gefe guda. Ɗaya tela ne yanzu, ɗaya yana noma da kiwo, ɗaya yana fatauci zuwa Maraɗi. Suna ta ce mana "Malam", mu da muka yi ta ɗebo karan ƙiskali tare, muka sha bulala guda. Sai da aka sa hannu cikin akushi ɗaya, tela ya tono labarin ran da muka ɓuya a rumbu don gudun hadda, kana aka koma Ɗanlami. Muka tambaye su ranar haihuwarsu, ba wanda ya sani. Amma manomin ya san mun girme shi da damina guda, shi ya sa bai taɓa rigan mu sa hannu a tuwo ba.

Abin da muka gane ke nan: ranar haihuwa ba ta wanda aka haifa ba ce shi kaɗai. Shi bai yi wahalar kome ba, bai kuma tuna kome ba. Masu ranar su ne wadda ta yi naƙuda, da wadda ta yanke cibiya, da wadda ta hura wuta, da wanda ya rubuta. In mutum ya yi bikin a ɗakin kwanan makaranta tare da waɗanda ya sani bara, ya ci daɗi, amma ya bar masu abu a baya. Zumunta a ƙafa ta ke.

Ga kuma wani abin lura ga masu son lissafi. Shekarar wata kwana 354 ce, ta rana 365, bambancinsu kamar kwana 11. Don haka azumin da aka haife mu cikinsa ya zo da kaka, na 2025 kuwa ya zo a watan Maris. Cikin shekara 33 ta rana mutum ya kan yi kamar 34 ta wata. Kaka da makaranta ba za su taɓa yarda da juna kan shekarunmu ba, kowa kuwa da gaskiyarsa.

'Yan'uwa, gobe mu ne za mu riƙe littafin sunayen yara. Tun 1992 doka ta wajabta rubuta haihuwa a Nijeriya, amma har yanzu za a kawo mana yara ba takarda. Kada mu auna su da ido. Mu tambayi uwa ko kaka: wace rana, wane wata, damina ko rani, me ya auku a gari? Mu zauna mu lissafta, mu rubuta gaskiya. Wanda kuma tsofaffinsa ke da rai, in an yi hutu ya tafi ya tambayi labarin ranarsa tun suna iya faɗi, gama da tsohuwar zuma a ke magani.

Allah ya jiƙan iyayenmu kamar yadda suka rene mu muna ƙanana, ya sa shekarunmu su zama masu albarka, amin. Haza wasalam.